Mun Kai Ta Wurin Wasa, Ta Zaɓi Yashi

Mako uku muka yi muna shirin fitar da ba ta wuce awa huɗu ba. Ummi ta cika shekara biyu da rabi, muka ce lokaci ya yi da za ta ga wurin wasan yara na zamani, irin mai dawakin ƙarfe masu zagayawa da jirgin ƙasa mai fitilu. Da yake sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma mai hali ba ya fasa halinsa, sai da muka buɗe jadawali a kwamfuta. Ƙarfe nawa za a fita don kauce wa rana, wane lilo ne ya dace da tsawonta, yaushe barcinta na rana yake zuwa, kayan sauyi kala nawa, ruwa gora nawa. Har lambar waya muka rubuta a ɗan ƙyalle muka ɗaura mata a hannu, don gudun ɓata a cikin cunkoso.

Ranar ta zo. Muka biya kuɗin shiga, muka biya na kowane wasa daban. Da aka ɗora ta a kan dokin farko, inji ya motsa, kiɗa ya tashi, sai yarinya ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame wuyan mahaifiyarta. Na biyu ko kusa da shi ta ƙi zuwa. Can a gefe, kusa da katanga, akwai tulin yashin da magina suka bari. Nan ta zame ta zauna, ta sami murfin gora, ta shiga awon yashi tana juyewa. Wani yaro sa'anta ya zo ya tsuguna, ba su san juna ba, ba su ma iya magana sosai ba, amma suka shafe kusan awa guda suna ciniki. Mu kuwa muna tsaye da tikiti a hannu kamar waɗanda mota ta bari a tasha.

Da dare muka tura hotuna gida Ƙanƙara. Kakarta ta kira tana dariya: "Ina kishiyar tawa? Ashe duk kuɗin nan a kan ƙasa kuka kashe su? Da kun kawo mini ita, ga yashi nan a ƙofar gida kyauta." Sai ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ko da yake yanzu wa zai bar yaro a ƙofar gida."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana mu barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da muka yi boko muka koma Abuja da Kano da Kaduna, mun ƙware wajen saya wa 'ya'yanmu wasan rana ɗaya, alhali a garuruwan da suka haife mu an ƙwace wa yara wasan kullum, kuma ba mu ce uffan ba. Abin da ɗan shekara biyu yake buƙata shi ne fili kusa da gida, da yashi, da inuwa, da sa'anni, da babban da yake sa ido. Muna da shi a da, sunansa dandali. Ya mutu a gabanmu, kuma ba za mu jira sai ɗan bindiga na ƙarshe ya tuba kafin mu tashe shi ba.

Tafiyar ta wa ce?

Bari mu fara da kanmu, don wanda zai yi wa wani aski ya fara duba ƙeyarsa. A wurin aikinmu akwai tambayar da ake yi kafin a rubuta ko layi ɗaya: wa zai yi amfani da abin nan? Manhajoji da yawa sun mutu saboda an gina su don burge mai biyan kuɗi, an manta da wanda zai riƙa latsawa kullum. Irin kuskuren da muka yi wa Ummi ke nan. Jadawalinmu ya amsa kowace tambaya ban da guda: ita me take so?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa babba ba ya iya tuna abin da ya faru da shi kafin ya kai wajen shekara uku zuwa huɗu. Kowa ya gwada kansa yanzu ya gani. Ummi ba za ta tuna dokin ƙarfen nan ba. Wayarmu ce za ta tuna, da waɗanda suka ga hoton a WhatsApp suka turo mana alamar zuciya. Kuɗin mai da na shiga da na abinci da na hular da ta jefar kafin mu fito, idan aka haɗa, sun haura mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Mun san gidaje a Sabuwa da wannan kuɗi zai riƙe su makonni.

Ba cewa muke yi zuwa wurin wasa laifi ne ba. Wanda Allah ya hore wa, ya kai iyalinsa Magic Land a Abuja ko Gidan Zoo na Audu Bako a Kano, su sha iska, su yi dariya. Idan yaron ƙarami ne, a je da safe, a bi ƙa'idar tsawo da aka rubuta a jikin kowane wasa, kada a tilasta masa hawa abin da yake tsoro, a dawo kafin barci ya kama shi. Shawarar ke nan gaba ɗaya, ba ta buƙatar mako uku. Abin da muke ƙi shi ne yadda muka mai da wannan fita ma'aunin uba nagari, har wanda bai kai ɗansa ba yake jin ya gaza, mu da muka kai kuma muke jin mun sauke nauyin wasan yaro na shekara guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana. Awa uku, kullum. Ta kuma ce kada a zaunar da ɗan shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya. Mu yi wa kanmu adalci: a gidajenmu na birni, masu dogon gini da ƙofar ƙarfe, awa nawa yaro yake gudu, awa nawa yake riƙe da waya? Mu da muke rubuta manhaja mun fi kowa sanin yadda ake tsara waɗannan bidiyoyi don kada ido ya ɗauke. Duk da haka mu ne kan gaba wajen miƙa wa jariri waya don mu samu mu yi aiki.

Abin da aka ƙwace

Wanda ya tashi a yankinmu a shekarun 1990 ya san abin da muke nufi da dandali. Bayan sallar isha'i, musamman idan farin wata ya fito, gari yakan koma hannun yara. 'Yan mata suna gaɗa, maza suna langa da ɓoyo, ƙanana suna bin yayyensu suna faɗuwa suna tashi. Da rana akwai carafke da 'yar gala-gala, akwai tuwon ƙasa, akwai motar kara da muke ƙerawa da hannunmu bayan an yi girbi, akwai lilon igiya a reshen dalbejiya. Da azumi ya kai goma sai tashe. Ba a biyan ko kwabo, ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ɗan hakimi da ɗan mai ga-ruwa ƙasa ɗaya suke birgima.

A nan muka koyi jiran layi, da haƙuri idan an ci mu, da sasanta rigima ba tare da an kira babba ba. A nan yaro yake sanin wane ne mai ha'inci, wane ne mai riƙon amana. Da yawa daga cikinmu da muke zaune gaban kwamfuta yau, injiniyancinmu na farko shi ne yadda za a sa tayar motar kara ta juya ba ta fita ba.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. A watan Yunin 2020 aka shiga Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari aka kashe mutane da dama. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji a ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu guda uku. Mu da muke cin abinci da intanet muka yi watanni ba ma iya jin muryar iyayenmu sai wani ya yi tattaki zuwa inda akwai sabis. A Yunin 2024 aka sake zubar da jini a 'Yargoje. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga jarida. Na ƙauyukan Sabuwa da ke bakin iyakar Birnin Gwari, da yawansu ko a rediyo ba a ji su ba.

Ana lissafa rayukan da aka rasa, da shanun da aka kora, da gonakin da aka bari, da kuɗin fansar da aka biya. Daidai ne a lissafa. Amma akwai asarar da ba ta shiga kowane rahoto: yaron da aka haifa a makon da aka sace ɗaliban Ƙanƙara yanzu ya kai shekarun makaranta, kuma a ƙauyuka da yawa bai taɓa ganin dandali da dare ba. Abin da ya sani shi ne a yi shiru, a kashe fitila, a kwana da takalmi a kusa. Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikin gari suna cunkushe a ɗakin 'yan'uwa ko a kangon gini, uwa tana tsoron ɗanta ya fita ya ɓata a garin da ba nasu ba. Ku tsaya ku kalli wasan da yaran suke yi idan sun sami sarari. Sau nawa kuka ga an ɗauki kara an saɓa a kafaɗa, an raba ƙungiya biyu, waɗansu su ne masu kai hari, waɗansu su ne waɗanda ake kamawa? Yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Idan wannan bai tayar mana da hankali ba, me zai tayar?

Kuma kada mu ɗora wa 'yan bindiga laifin duka. A cikin garuruwan da ba a kai wa hari kullum, wa ya cinye filayen? Filin da muka yi ƙwallo a kai an yanka shi fuloti. Gefen makarantar firamare an jera shaguna. Inda dalbejiya take an sare an zuba bulo. Wannan ba daga daji aka zo aka yi mana ba. Da sa hannunmu aka yi, wani lokaci ma da kuɗin da muke turowa daga birni don a saya mana fili.

"Ana ta kai, wa yake ta kaya?"

Mun san amsar da za a ba mu, don mun riga mun ji ta a zauren WhatsApp na 'yan garinmu. Wani yaya namu ya rubuta cewa mutane suna mutuwa, yara suna kwana da yunwa, mu kuma muna maganar lilo. Boko ya yi mana yawa. Ba mu raina wannan magana ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Wanda ya ji wannan adadi bai girgiza ba, a duba zuciyarsa.

To amma a tambayi likitocin da suke jinyar yaran nan. A cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa na kula da yaro mai tamowa mai tsanani, ɗaya daga ciki shi ne a yi masa wasa, a yi masa magana, a motsa hankalinsa. Yana cikin magani, kamar yadda madara take cikin magani. A tsakiyar shekarun 1980, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, masu bincike ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su. Waɗansu aka riƙa kai musu ziyara gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da su da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka koma aka neme su. Waɗanda aka yi wa wasan nan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babu inji, babu tikiti. Gwangwani ne da ƙyalle da uwa mai ba da lokaci.

Masu cewa a jira zaman lafiya tukuna, muna tambayarsu: shekara nawa? An yi sulhu a 2019 ya warware. An kafa rundunar tsaron al'umma a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa a 2023, an sake zaman sulhu a wurare daban-daban, wani wuri an sami sauƙi, wani wuri jiya i yau. Muna addu'ar Allah ya kawo ƙarshensa gobe. Amma ƙuruciya ba ta jira. Ɗan shekara biyu sau ɗaya yake zama ɗan shekara biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu muka faɗa da bakinmu.

Waɗansu ƙasashen da suka ga yaƙi ba su jira ba. A 1943, lokacin da sojojin Jamus suke mamaye da ƙasar Denmak, aka buɗe filin wasa a unguwar Emdrup ta birnin Kofanhegan, inda aka tara wa yara katakai da bulo da tarkace aka bar su su gina abin da suka ga dama, da babba guda yana lura. Wata Baturiyar Ingila, Lady Allen, ta gani ta kai dabarar Landan, aka riƙa mai da kangayen da bama-bamai suka rusa wuraren wasa. A Amstadam ta ƙasar Holan, wani matashin mai zanen gine-gine, Aldo van Eyck, ya fara a 1947 da fili ɗaya mai ramin yashi da 'yan ƙarafan lilo. Kafin 1978 ya zana sama da 700, a lunguna da kangaye da tsakanin gidaje, yadda kusan kowane yaro zai taka da ƙafa ya je. Mutanen nan sun fito daga yunwa da yaƙi, ba su da kuɗin banza. Sun dai gane cewa gari ba ya warkewa idan yaransa suna kulle.

Wanda kuma yake ganin wasa shashanci ne da bai kamaci gidan mutunci ba, ya koma ga malamansa. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasansa ba. Nana A'isha (RA) ta yi wasan 'yar tsana da ƙawayenta a gidansa. Waye mu da za mu fi shi kamun kai?

Ba ƙaton fili muke roƙo ba

A nan muke tsoron a juya mana magana. Mun san halin ƙasarmu. Da zarar an ce yara suna buƙatar wurin wasa, sai wani ya fito da zanen ƙaton wurin shaƙatawa mai ƙofar alfarma, a ware miliyoyi, a kira manyan baƙi a yanke ƙyalle, a sayo injuna daga waje. Bayan damina biyu janareta ya lalace, babu kayan gyara, ciyawa ta rufe dokin ƙarfe, akuya ta gaji wurin. Ko da ya yi aiki, yana babban birni, kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka, kuma uwar da take Sabuwa sai ta ɗauki ɗanta ta bi hanyar da manya ma suke bi da addu'a a baki.

Shi kansa Disneyland da ake kwaikwayo, wanda aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1955, Walt Disney ya ce tunaninsa ya zo masa ne yana zaune a benci yana kallon 'ya'yansa mata suna hawan doki mai zagayawa, ya ga ya kamata a sami inda babba ma zai ji daɗi. Tun asali don a haɗa da manya aka yi shi, kuma kasuwanci ne. Yana da kyau a matsayinsa. Amma ba shi ne maganin yaron Faskari ba.

A aikinmu mun koyi darasi guda da wahala: kada ka ɗora komai a kan na'ura ɗaya, don ranar da ta faɗi komai ya faɗi. Ƙanana da yawa, a warwatse, sun fi babba guda ɗaya ƙarko. Ta fuskar tsaro ma haka ne. Tara ɗaruruwan yara a wuri guda a bayan gari, mu 'yan Ƙanƙara ba sai an gaya mana haɗarinsa ba. Abin da muke nema shi ne ƙaramin fili a tsakiyar kowace unguwa, inda gidaje suka kewaye shi, inda uwa za ta leƙo daga zaure ta hango ɗanta, inda baƙon fuska ba zai tsaya ba a tambaye shi wa yake nema ba.

Me ake buƙata? Fili ko da rabin fuloti ne, da gajeriyar katanga mai ƙofa ɗaya. Yashin rafi mai kauri, kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, don yaro ya faɗi bai ji ciwo ba. Tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, a huda su don kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Lilo da abin sulu da mai walda na gari zai ƙera, a kafa su a inuwa don ƙarfe yana ƙuna da rana, a yi na ƙanana gajere a ware musu gefensu. Dalbejiya biyu ko uku. Randar ruwa. Fitilar sola guda. Sai abu mafi muhimmanci: dattijuwa ɗaya ko biyu daga unguwar, waɗanda kowa ya sani, a riƙa ba su ɗan alawus su zauna daga la'asar zuwa magariba. Su ne tsaro, su ne alƙalai, su ne kuma za su koya wa yaran gaɗa da tatsuniyar da ta kusa ɓacewa. Idan dandalin dare bai yiwu ba tukuna, a fara da na yamma. Da babu gara ba daɗi.

Inda babu fili, akwai harabar makarantun firamare da take zama fayau daga an tashi har washegari. Akwai filayen Islamiyyu. A ƙauyukan da har yanzu ko taron suna ba a iya yi, ba za mu ce a tara yara a fili ba. A can sai a bi hanyar Jamaika, a shiga gida gida, ungozoma da ma'aikatan lafiya da suke zagayen rigakafi su riƙa nuna wa iyaye mata wasan da za a yi a tsakar gida. Yaran da suka yi gudun hijira kuwa su ne farkon waɗanda za a buɗe wa ƙofa, kada a ce na 'yan unguwa ne kawai.

Wa zai yi?

Doka tana nan, ba sabuwa za a ƙirƙiro ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta maimaita shi. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, shekarar da aka sace ɗaliban Ƙanƙara. Takarda ba ta rasa ba.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku: tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ku kuɗinku kai tsaye. Ko ya iso hannunku cikakke ko bai iso ba, yashi da taya ba su fi ƙarfinku ba. Ku fara da fili ɗaya a kowace mazaɓa, ku ba mai waldan gari aikin, kada ku kai kwangilar birni. Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku: ku ne kuka san filin da ya rage. Ku hana a yanka shi, ku sa a rubuta cewa na yara ne, a kafa shaida, don kada bayan shekara biyar wani ya fito da takardar saye. Ga malamanmu: huɗuba ɗaya a kan haƙƙin yaro na wasa za ta buɗe ƙofofin da rubutu ɗari irin wannan ba zai buɗe ba.

Sai mu. Mu da muke da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da na ci-gaban gari, waɗanda muke tara kuɗi cikin kwana biyu idan ɗayanmu zai yi aure ko an ba shi muƙami. Mun iya tsara aiki, mun iya bin lissafi, mun iya buɗe shafin da kowa zai ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan mun iya shafe mako uku muna tsara fitar awa huɗu, ba mu da bakin cewa ba mu da lokaci. Kowane gida a cikinmu ya ɗauki kuɗin fita ɗaya ta wurin wasa a shekara, ɗaya tak, ya tura unguwar da aka haife shi. Kada mu tsaya jiran ƙungiya mai rajista da shugaba da sakatare da kalanda. A gina guda ɗaya, a ga inda aka yi kuskure, a gyara, a gina na biyu. Haka muke yi a wurin aiki, kuma haka abin kirki yake tsayuwa.

Akwai son kai a ciki ma, idan sai da shi za mu motsa. Yaran da suke girma a kulle cikin tsoro a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sa'annin 'ya'yanmu ne. Ƙasa ɗaya za su gada. Katangar gidanmu ta Abuja ba za ta raba su har abada ba. Wanda ya tashi bai san wasa ba sai na bindigar kara, bai koyi yadda ake faɗuwa a tashi a yi dariya ba, wata rana shi da Ummi za su haɗu a hanya, ko a kasuwa, ko a rumfar zaɓe.

Mun yi magana da kakar Ummi a makon jiya. Akwai wani kango a bayan gidan, na gado ne, shekaru ana ta cewa za a gina ba a gina ba. Mun roƙi baffanninmu su ba da aronsa, biyu sun yarda, ɗaya ya ce sai ya yi shawara. An tambayo mana kuɗin tifar yashi, mai walda kuma ya ce a turo masa hoton irin lilon da ake so. Hajiya ta ce ita za ta riƙa zama da la'asar, ba ta son ko sisi, sharaɗinta ɗaya: a kawo mata kishiyarta da sallah ta ga ko ta iya tuwon ƙasa.

Allah ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, ya sa mu ga ranar da za a koma kiran yara gida saboda dare ya yi kawai.